Gani Ya Kori Ji? Yadda Finafinan Gaskiya Ke Sassaƙa Rayuwar Yaran Talakawa



Da wuya a yau a samu gidan da wayar hannu ba ta taɓa shigar da hoton wani yaro mai ban tausayi cikinsa ba: almajiri riƙe da roba a bakin titi, ko jaririn da yunwa ta tsotse a sansanin 'yan gudun hijira, ko ɗan shekara goma da aka rataya wa bindiga. Yawancin waɗannan hotuna gutsattsari ne daga finafinan da ake kira dokumentari, wato finafinan gaskiya, waɗanda ake gabatarwa a matsayin abin da ya faru a zahiri, babu ɗan wasa babu kwaikwayo. Wannan suna shi ke sa mu saki jiki. Idan muna kallon fim ɗin Kannywood mun san shiri ne, amma da zarar an ce mana dokumentari ne sai mu ajiye ma'aunin bincike gefe, mu ce ai gani ya kori ji.

Sai dai magabatan da suka yi wannan karin magana suna nufin ganin mutumin da ya je wuri da ƙafarsa, wanda zai iya waiwayawa dama da hagu, ya tambayi na kusa, ya dawo gobe ya sake dubawa. Mai kallon fim da idon wani yake gani. Wani ne ya zaɓar masa inda zai duba, da tsawon lokacin da zai duba, da sautin da zai ji yana dubawa. Saboda haka ganinsa ruwaya ce, kuma kowace ruwaya tana da maruwaicin da ya kamata a san halinsa. Lamarin ya fi nauyi idan wanda ake ba da labarinsa yaro ne ɗan talaka, domin ba shi da lauya, ba shi da jarida, kuma sau da yawa ba zai taɓa ganin fim ɗin da aka yi da fuskarsa ba.

Tun ran gini, ran zane

Masana tarihin fim kan lissafa Nanook of the North, wanda Ba'amurke Robert Flaherty ya fitar a 1922, a cikin finafinan gaskiya masu tsawo na farko da suka yi fice a duniya. Fim ɗin ya nuna rayuwar wani magidanci da iyalinsa daga al'ummar Inuit, mazauna ƙasar ƙanƙara a arewacin Kanada. Daga baya aka tabbatar da cewa an shirya abubuwa da dama a cikinsa. Sunan mutumin na gaskiya Allakariallak, ba Nanook ba. Matar da aka nuna a matsayin matarsa ba matarsa ba ce. A rayuwarsa ta yau da kullum da bindiga yake farauta, amma aka sa shi ya riƙe mashi irin na kakanninsa domin ya dace da abin da Turawa ke son gani. Ɗakin ƙanƙarar da aka nuna iyalin suna kwana a ciki ma an gina shi ne da ɓangare guda a buɗe, domin haske ya wadaci kyamara.

Mutanen na gaske ne, sanyin na gaske ne, wahalar farautar ma ta gaske ce. Duk da haka miliyoyin masu kallo sun tashi da hoton wata al'umma da zamani bai taɓa ba, alhali zamani ya riga ya iske ta. Wannan sana'a da irin wannan tabo aka haife ta, kuma masu yin ta na kirki sun san da haka, shi ya sa har yau suke muhawara a kan iyakar abin da ya halatta mai fim ya shirya. Masu kallo ne aka bari ba su sani ba.

Inda hannun mai fim ke shiga

Ko da mai fim bai shirya komai ba, akwai ƙofofi da dole hannunsa ya shiga ta cikinsu. Ta farko ita ce zaɓen abin ɗauka. Kyamara tana da iyaka ta dama da ta hagu, duk abin da ke wajen wannan iyaka babu shi a wurin mai kallo. Idan aka matso da ita kan fuskar yaro mai kuka, mahaifiyarsa da ke tsaye taku biyu daga gare shi ta ɓace, yaron ya zama maraya a idon duniya.

Ta biyu ita ce tacewa. Mai fim kan dawo da hotuna na sa'o'i masu yawa, ya zauna a ɗakin haɗa hoto ya fitar da abin da bai wuce awa ɗaya ba. Abin da aka zubar ya ninka abin da aka bari nesa ba kusa ba, kuma babu wanda zai tambaye shi me ya zubar. Malaman hadisi sun daɗe da gane haɗarin wannan aiki. Sun tattauna hukuncin taƙaita hadisi, kuma Ibnu Hajar a cikin Nukhbatul Fikar ya taƙaita halaccinsa ga masanin da ya san abin da ke sauya ma'ana, domin jahili yana iya yanke togaciya ko sharaɗi, ya bar magana tana faɗin akasin abin da aka nufa. Duk kalmar da ya bari ingantacciya ce, amma ma'anar ta karkace.

Ta uku ita ce jeri. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani masanin fim na Tarayyar Sobiyet mai suna Lev Kuleshov ya nuna cewa idan aka ɗauki hoton fuska guda wadda ba ta nuna komai, aka biyo ta da hoton kwanon miya, masu kallo za su ce mutumin yunwa yake ji. Idan aka biyo ta da hoton gawa, za su ce baƙin ciki ne a fuskarsa. Fuskar ba ta sauya ba, maƙwabcinta ne ya sauya. Haka idan aka nuna almajirai suna karatu a gefen wuta da dare, nan take aka biyo da hoton motar da bam ya ƙone, an ɗora musu tuhuma ba tare da an furta kalma ɗaya da za a kama mai fim da ita ba.

Ta huɗu ita ce murya. Kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin hoto yana gaya wa zuciya abin da za ta ji kafin hankali ya gama tunani. Mai sharhi yana sanya wa abin da ake gani suna. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto kuwa ita ce kaɗai hanyar da baƙo zai ji yaron, kuma duk Bahaushen da ya taɓa kwatanta abin da ya ji da kunnensa da abin da aka rubuta da Turanci ya san yadda doguwar magana ke komawa kalma biyar.

Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Abin lura a nan shi ne mutumin bai furta ƙarya ba, busasshen abincin da ke sama na gaske ne. Algus ɗin yana cikin yadda aka jera kayan.

Darussa daga Habasha, Yuganda da Indiya

A ranar 23 ga Oktoban 1984 gidan talabijin na BBC ya watsa rahoton Michael Buerk daga garin Korem a arewacin Habasha, da hotunan da ɗan Kenya Mohamed Amin ya ɗauka na yara da ke mutuwa da yunwa. Rahoton ya girgiza duniya, ya haifar da gangamin tara kuɗi da ya kai ga bikin Live Aid a ranar 13 ga Yulin 1985, kuma babu shakka an ceci rayuka. Amma abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne fari ne kawai ya jawo bala'in. Yaƙin da gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam ke yi da 'yan tawaye a Tigray da Eritrea, da tilasta wa manoma ƙaura, duk suna cikin manyan dalilai, har gwamnatin ta kori ƙungiyar likitoci ta MSF a ƙarshen 1985 saboda ta soki shirin ƙaurar. Hoton yaro mai yunwa yana tayar da tausayi, amma ba ya nuna wanda ya tare hanyar abinci. Har yau kuma 'yan Habasha na kokawa da yadda sunan ƙasarsu ya manne da yunwa a tunanin baƙi.

A ranar 5 ga Maris ɗin 2012 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Invisible Children ta saki fim na kusan minti talatin mai suna Kony 2012, a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA da suka sace dubban yara a arewacin Yuganda suka mayar da su mayaƙa. Cikin kwana shida aka kalle shi sau miliyan 100. Laifukan Kony tabbatattu ne, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi tun 2005. Amma mafi yawan masu kallo sun tashi da zaton yaƙin na ci gaba a Yuganda, alhali mayaƙan sun bar ƙasar tun wajen 2006 zuwa dazukan Kongo, Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu. Fim ɗin bai tsaya a kan sansanonin da gwamnati ta tara mutane sama da miliyan ɗaya da rabi cikin ƙunci ba, bai kuma ba da muhimmanci ga shugabannin addini na ƙabilar Acholi, Musulmi da Kirista, da suka shafe shekaru suna neman sulhu ba. Da aka haska shi a garin Lira a cikin watan, a gaban mutanen da yaƙin ya shafa, taron ya watse da jifa. Sun ga an mayar da azabarsu labarin jaruntakar wasu matasan Amurka. Amurka da Yuganda sun dakatar da farautar Kony a 2017 ba tare da an kama shi ba.

Fim ɗin Born into Brothels na 2004, wanda Zana Briski da Ross Kauffman suka yi, ya bi rayuwar wasu yara da aka haifa a Sonagachi, unguwar karuwai a birnin Kolkata na Indiya. An ba yaran kyamarori, an koya musu ɗaukar hoto, an yi ƙoƙarin sanya su a makarantun kwana, kuma fim ɗin ya ci lambar Oscar a 2005. Wasu daga cikin yaran sun amfana ƙwarai. Amma ƙungiyar matan unguwar ta soki fim ɗin da cewa ya nuna iyaye mata a matsayin masu zagi da rashin kula kawai, ya kuma yi shiru a kan ayyukan ilimi da lafiya da mutanen wurin suka daɗe suna yi. Wani da ya yi aikin fassara a fim ɗin ma ya fito ya nuna damuwarsa a kan yadda aka fallasa rayuwar yaran da iyayensu. Munin sana'ar waɗannan mata a shari'a ba abin jayayya ba ne, sai dai aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin mutane ya kai mu ga rashin yi musu adalci. Uwa mai saɓo tana iya kasancewa mai ƙaunar ɗanta, kuma yaron da aka nuna wa duniya uwarsa a mafi munin halinta shi zai rayu da wannan hoto.

Akwai kuma inda aka zarce zuwa ƙirƙira. A 2008 shirin Panorama na BBC ya yi bincike a kan sa yara aikin ɗinki a Indiya domin kamfanin tufafi na Primark. Matsalar ta gaske ce, kamfanin da kansa ya yanke hulɗa da masu kawo masa kaya guda uku a lokacin. Amma a 2011 hukumar amintattun BBC ta yanke cewa wani ɗan gajeren ɓangare da ya nuna yara uku suna aiki a birnin Bangalore ya fi kusa da zama shiryayye, ko da yake ɗan jaridar ya musanta. BBC ta nemi afuwa, ta mayar da lambar yabon da shirin ya ci. Daga nan magana ta tashi daga kan yaran da ake ci da guminsu ta koma kan amincin 'yan jarida. Ƙarya ƙarama a cikin da'awa ta gaskiya wanda ake zargi take yi wa aiki.

Almajiri a gaban kyamara

A ƙasar Hausa yaron da kyamara ta fi bi shi ne almajiri. Hoton da aka saba fitarwa sananne ne: tsummokara, roba, ƙafa ba takalmi, cincirindo a kan ragowar abinci. Sai mai sharhi ya kawo ƙiyasin nan na gwamnatin Najeriya na 2010 da ke cewa almajirai sun kai miliyan 9.5, ya rufe da gargaɗin cewa kowannensu bam ne da ke jiran fashewa.

Wajibi ne mu fara da faɗin gaskiya a kan kanmu, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. Yaron nan da ke bara yana nan, yunwarsa ta gaske ce, ƙazuwar jikinsa ba kyamara ce ta zana ta ba, kuma uban da ya kai ɗan shekara shida wani gari ya ajiye ba guzuri ba waiwaye zai amsa tambaya a gaban Allah. Sau da yawa ma kyamara ce ta tona abin da muka yi shiru a kansa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane sama da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken da wani ɗan jaridar Sudan, wanda shi ma tsohon ɗalibin irin waɗannan makarantu ne, ya yi a ɓoye cikin makarantun allo 23 da a can ake kira khalwa, inda aka ga yara a ɗaure ana dukansu. Wanda ya ga wannan ya ce makircin maƙiya ne kawai, ya zaɓi kare suna a kan kare yaro. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ke halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da neman taimako wajen gusar da abin ƙi.

Amma adalci yana da ɓangare na biyu. A lokacin binciken Sudan tana da irin waɗannan makarantu kusan 30,000, kuma abin da aka gani a 23 hujja ne a kan waɗanda aka gani, dalili ne kuma na bincikar sauran, bai zama hukunci a kan kowa ba. Gidan mari, inda iyaye ke kai kangararru da masu shaye-shaye, daban yake da tsangaya, amma kafofin waje da dama sun haɗa su a suna guda. Mai ɗaukar hoto kan zo da rana tsaka, lokacin da yara suka fita neman abinci, domin a lokacin ne ake samun hoton da ake so. Ba ya nan da asuba lokacin tilawa, ba ya nan lokacin da ake wanke allo a sake rubutu, bai san bambancin kolo da titibiri da gardi ba, bai ga gardin da ke ɗinkin hula ko yankan farce yana ciyar da kansa ba, bai ga alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba. Bai kuma bi yaron zuwa ƙauyensu ya ga gonar da ta daina ciyar da gida, ko makarantar gwamnatin da ba malami, ko auren da ya mutu ya bar yara a hannun kaka ba. Idan aka ɓoye waɗannan dalilai, abin da zai rage wa mai kallo shi ne ya zargi addini ko ya zargi yaron.

Hoto kuma yana haifar da hukunci. Wanda ya saba ganin almajiri a matsayin barazana ba zai ji komai ba idan aka loda yara a manyan motoci aka mayar da su jihohinsu, kamar yadda gwamnonin Arewa suka yi a 2020 lokacin annobar korona. Matar gidan da ta saba ganinsa a matsayin ɓarawo shi za ta fara tuhuma idan cokali ya ɓace. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, ita ma nasararta tana rataye da irin hoton da ma'aikatanta ke ɗauke da shi a ka: na yaron da za a kwashe daga titi, ko na ɗalibin da ke da iyaye da malami da buri.

Akwai gwaji guda da ya cancanci a sani. A 2011 wasu almajirai tara a Kano suka yi fim mai suna Duniya Juyi Juyi, da taimakon wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner, da cibiyar Goethe. Su suka tsara labarin daga abin da suka rayu a ciki, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara bayan an horar da su. Ba su ɓoye wahalar neman abinci da makwanci ba, amma sun nuna abin da baƙo bai cika nunawa ba, wato wulaƙancin da suke sha a hannun mutanen gari da gidajen da suke yi wa aiki. A nan yatsa ya juyo kan mai kallo. Su ma tabbas sun zaɓi abin da za su nuna, domin babu fim ɗin da ba zaɓe a cikinsa, sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda ya kalli nasu ya kalli na baƙi ya fi kusa da cikakken hoto.

Haƙƙin yaron da aka ɗauka

A fiƙihu yaro ba ya da cikakkiyar cancantar ƙulla abin da zai iya cutar da shi, kuma waliyyinsa ba ya da ikon yin tasarrufi a lamarinsa sai da abin da yake maslaha gare shi. Idan haka ne a kan dukiyarsa, mutuncinsa ya fi cancantar kariya. Yaron da ke jin yunwa zai amince da komai idan aka nuna masa burodi, don haka gyaɗa kansa ba izini ba ne. Malamin da aka yi wa alkawarin buhun shinkafa shi ma ba shi da hurumin sayar da fuskar ɗan wani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi kare sirrin yaro a sashe na 16, da sauraron ra'ayinsa a sashe na 12, kuma Najeriya ta yi tata dokar haƙƙin yara a 2003.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne intanet ba ta mantuwa. Yaron da aka ɗauka yana lasar roba yana ɗan shekara takwas zai girma, zai nemi aure, wataƙila zai zama limami ko ɗan kasuwa, hoton kuma yana nan yana yawo. Yarinyar da aka sa ta ba da labarin fyaɗen da aka yi mata fuska a buɗe, an ɗora mata wani nauyi a kan na farko. Ana iya tona zalunci a kuma rufa wa wanda aka zalunta asiri: a dusashe fuska, a sauya suna, a ɓoye unguwa. Falalar suturta Musulmi ta tabbata a Bukhari da Muslim, kuma babu wanda ya fi buƙatar sutura kamar yaron da ba shi da laifi a halin da ya samu kansa.

Wannan magana ba ta tsaya kan manyan gidajen talabijin ba. Yau kowa mai fim ne. Ƙungiyoyin agaji da masu neman mabiya a Facebook da TikTok suna jera marayu, a miƙa musu leda, a ce su ɗaga ta sama su yi godiya ga kyamara. Gaskiya ne masu ba da gudummawa suna da haƙƙin sanin inda kuɗinsu ya tafi, amma ana iya nuna kaya da rasit da lissafi ba tare da an nuna hawayen yaro ba. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, aya ta 271 kuma ta fifita sadakar da aka kai wa mabuƙaci a ɓoye. Ya kamata mai ɗaukar irin wannan bidiyo ya tambayi kansa ko zai yarda a yi wa ɗansa haka ranar da duniya ta juya masa baya.

Abin da ya rage wa mai kallo

Suratu Yusuf ta ba mu labarin riga fiye da sau ɗaya. 'Yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun zo da dare suna kuka, ɗauke da rigarsa da jinin ƙarya a jiki, amma Annabi Yaƙub (AS) bai karɓi abin da idonsa ya gani ba, kuma malaman tafsiri sun ambaci cewa ya lura rigar ba ta yage ba. Daga baya wata rigar, wadda ta yage ta baya, ita ta wanke Yusuf daga tuhuma. Hujjar ido tana iya zama ƙarya, tana iya zama gaskiya, mai hankali shi ne wanda ya duba ta da kyau kafin ya yi hukunci. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari domin kada mu cutar da mutane cikin jahilci, aya ta 36 a Suratul Isra'i kuma ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne.

Saboda haka idan irin wannan fim ya iso wayarka, ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya yi shi da wanda ya biya kuɗinsa, da waɗanda aka yi shi dominsu. Ka duba shekarar da aka ɗauka da wurin, domin tsohon hoto na wata ƙasa yakan dawo da sabon suna. Ka lura ko an bar yaron ya yi magana da bakinsa ko kuwa wani ne ke magana a kansa, ko an ji daga iyayensa da malaminsa da maƙwabtansa. Ka rage sautin kiɗan ka sake kallo, ka ga abin da ya rage. Kafin ka tura wa wani, ka tuna cewa Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa gargaɗi a kan mutumin da ke ba da labarin duk abin da ya ji, kuma danna maɓallin turawa ba da labari ne.

Iyaye su zauna su kalli irin waɗannan finafinai tare da 'ya'yansu, su koya musu waɗannan tambayoyi, domin yaron da ya tashi yana kallon talaka ta allon waya kawai zai iya tausaya masa daga nesa ya kuma ƙyamace shi a ƙofar gida. Ɗalibanmu da ke karanta aikin jarida da fim su sani cewa fagen nan yana buƙatarsu, da sharaɗin su faɗi aibinmu yadda yake, su kuma nuna alherinmu yadda yake, ba ƙari ba ragi. Wanda kuma fim ya motsa zuciyarsa, to akwai almajirin da ke sallama a ƙofarsa kowace safiya: ya san sunansa da garinsu da malaminsa, ya tambaye shi inda ya kai a karatu da inda yake kwana.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya jiɓinci lamarin yaranmu da na dukkan raunana, Ya sa idanunmu da harsunanmu su zama shaida gare mu ba a kanmu ba. Amin.